Ranar da Hedley Ya Aro Tsofaffi Hamsin da Biyu

Ƙanena Hedley Nankervis bai taɓa ganin ƙaramin abu ya bar shi a ƙanƙantarsa ba. In ka ce ya miƙo maka cokali, sai ka sha labarin yadda ake harkar cokula a birnin Plymouth, inda ya yi shekara goma sha ɗaya yana tallan tagogi gida-gida. Tun da ya dawo ƙauyenmu Porthkenna yake mana kallon waɗanda ba su taɓa ganin kwalta ba. Ni kuwa da na yi rainonsa, na san sai da ya shekara tara kafin ya iya ɗaura igiyar takalmi.

Sunana Loveday. Ni ke dafa abincin tsofaffi na ranar Alhamis a zauren bayan cocinmu na Metodis, yau shekara ashirin da biyu ke nan. Mutum goma sha tara muke ciyarwa, sha takwas in gwiwar Mista Rosewarne ta motsa. Murhun gas ɗinmu kai shida gare shi, biyu ke ci, ƙofar tanderunsa kuma sai an tokare ta da sandar tsintsiya. A farkon Satumba mai duba gas ya zo, ya leƙa, ya ja da baya, ya ce in ƙarshen Oktoba ya yi ba mu canza ba, zai dawo ya toshe bututun. In an rufe murhu kuwa an rufe Alhamis. Misis Tregear, mai shekara casa'in da ɗaya, ita kaɗai take zaune a ɗakinta da ke kallon teku, kuma Alhamis ce kawai ranar da wani ke kiran sunanta. Abin ya dame ni ƙwarai.

Sai ga Rabaran Jelbert a taron kwamiti da takarda a hannu. Mutumin kirki ne, coci biyar yake kula da su, kullum a gajiye. Ya ce gidauniyar cocinmu ta yanki tana raba tallafi ga ƙananan ƙungiyoyin taimako, mu cike wannan takarda mu nemi sabon murhu.

Bai rufe baki ba Hedley ya fizge takardar.

"Murhu? Haba Rabaran! Murhu za mu je mu roƙa? Ku ba ku san manyan mutane ba. Ba sa ba wanda ya zo musu da kuka. Wanda suka ga ya tsaya da ƙafarsa suke ba. Ka nemi babbar mota da sabon zaure, murhu sai su ɗora maka gyara."

Na ce, "Hedley, kai fa ba ka cikin kwamitin nan."

"Ni ne mai duba ingancin abinci, Yaya."

Wannan muƙami shi ya naɗa kansa, shekara uku da suka wuce, bayan rasuwar matarsa Tamsin. Duk Alhamis zai zo da farar riga, ya tsaya bayan ƙofar kicin, ya ɗanɗana faranti guda cike, ya ce bai gama tantancewa ba, ya ɗanɗana na biyu. In ka ce ya shiga ya zauna cikin mutane, sai ya ce, "Ni? Cikin tsofaffi?" Shekarunsa saba'in da ɗaya.

Rabaran ya kalle ni, na kalli Rabaran. Shi yana da jana'iza a wani ƙauye, ni kuma na manta tabarau a gida. Haka takardar ta kwana a aljihun Hedley.

Bayan mako uku amsa ta zo. Rabaran ya karanto mana, muryarsa tana raguwa layi bayan layi. Gidauniya ta ce ta yi murna da jin cewa a ɗan ƙauye kamar Porthkenna ana ciyar da tsofaffi tamanin duk mako, don haka za su turo R. Chenoweth daga ofishinsu ranar Alhamis da tsakar rana a gani da ido.

Na ce, "Tamanin?"

Hedley ya ce, "Na ɗan cike lissafin ne."

"Daga sha tara zuwa tamanin, cikewa ke nan? Kai, ko an tono na maƙabarta ba za mu kai tamanin ba!"

"Yaya, kwantar da hankalinki. Na taɓa cika zauren otal da mutum ɗari biyu cikin yini ɗaya."

"Ranar da gobara ta tashi a otal ɗin da ke kusa?"

Rabaran ya ce gara a buga waya a faɗi gaskiya. Hedley ya ce in an buga, an tabbatar mu maƙaryata ne, ba mota ba murhu. In an yi shiru kuwa, shi zai kawo tamanin cif, kuma ba ƙarya a ciki, tunda duk wanda ya ci abinci ranar ai an ciyar da shi. Rabaran ya dafe goshi ya ce zai yi addu'a a kai. Kafin ya gama addu'ar Hedley ya kai bakin titi.

Ya fara da matan cocin Anglika na kan tudu. Suka ce su ba sa cin abinci inda ake rera waƙa baiti takwas kafin a taɓa cokali. Ya gangara mashaya. Masunta shida suka yarda, amma suka ce za su zo da abin shansu. Ya ce ba damuwa, har ma zai sa kwalbar wuski a tsakiyar zaure a yanki tikiti, wanda ya ci ya ɗauka, don baƙo ya ga muna da dabarar tara kuɗi. Da labari ya kai kunnen Rabaran sai da ya nemi kujera.

"Ɗan'uwa Hedley, giya da caca, rana ɗaya, a zauren Metodis, a gaban wakilin gidauniyar Metodis?"

"Ƙaramar kwalba ce, Rabaran."

Aka soke masunta. Ya koma wurin 'yan badujalar garinmu, mutum takwas, ya ce su zo da ƙahonninsu su yi wa baƙo maraba, sannan su zauna a ƙirga da su. Ƙaraminsu shekararsa sittin da takwas, saboda haka wannan kam ba a yi ƙarya ba.

Ranar Laraba ya juyo kan zaure. Rufinmu yana yoyo ta wuri uku, muna tarewa da bokiti uku. Hedley ya kwashe su, wai bokiti alamar talauci ce. Ya aro ƙaton tamfol na rufe jirgin ruwa, ya ɗaure shi a ƙarƙashin rufin daga bango zuwa bango, ya rubuta da jan fenti: BARKA DA ZUWA MISTA CHENOWETH.

Na ce, "Wa ya ce maka namiji ne?"

"Yaya, mai raba kuɗi fa. Ki jira ki ga kwat da laktaye."

"To ruwan da ke ɗiga, ina zai je?"

"Zai tsaya a sama. Ai amfanin tamfol ke nan."

Ran nan da yamma aka soma ruwa, irin na Oktoba da ba ya sauri ba ya fasawa. Ni kuma ya bar ni da abincin mutum tamanin a kan wuta biyu. Yini biyu ina gasa sukon, ɗan curin burodin nan namu na shan shayi, ina tokare tanderu ina zagin tagogin Plymouth a zuci.

Alhamis da ƙarfe goma sha ɗaya, mutanenmu sha tara sun hallara, kowa a kujerarsa ta kullum. 'Yan badujala takwas suna goge ƙahonni. Ashirin da bakwai ke nan. Tamfol ya yi ciki, kalmar ZUWA ta sauko ta fi sauran kusa da ƙasa. Hedley ya duba agogo, ya gyara hula, ya fita ba sallama.

Bayan minti ashirin na leƙa ta tagar kicin, sai na ga abin da ban taɓa gani ba. Hedley ne a gaba da lema a ɗage, bayansa layin fararen kawuna suna gangarowa daga tudu, da sanduna da rigunan ruwa. Ashe wata doguwar motar 'yan yawon buɗe ido ce ta tsaya a filin ajiye motoci, direban ya sauka neman bayan gida, Hedley ya haye ya ɗauki makirfo ya sanar cewa garin Porthkenna yana gayyatar baƙinsa abinci da shayi kyauta. Tsofaffi hamsin da biyu suka ji kalmar kyauta, ko ɗaya bai tsaya jiran direba ba.

Ya jera su a farfajiya a cikin yayyafi yana raba musu sunaye.

"Kai ne Mista Trembath, tsohon masunci. Ke Misis Angove, shekara huɗu kina zuwa nan. Wasan gargajiya ne muke yi wa baƙi, duk wanda ya riƙe sunansa har ƙarshe yana da ƙarin kirim a kan sukon."

Wani dogo ya ce, "Ni fa ko kwale-kwale na gani amai nake ji."

"Shi ya sa ka yi ritaya. Na gaba!"

Ya ƙirga, ya sake ƙirgawa. Sha tara da takwas da hamsin da biyu, saba'in da tara. Na ga fuskarsa ta canza. Sai ya hango wata 'yar gajeriyar mata ta sauko daga bas a bakin coci, da ruwan tokar rigar ruwa da jakar cefane a hannu. Ya yi kanta da gudu.

"Baiwar Allah, kin ci abinci?"

Ta ce, "Ban ci ba. Zauren cocin Metodis nake nema."

"Kin same shi! Ke ce cikon tamanin. Saurara da kyau. Sunanki Misis Opie, mijinki ya rasu a teku, shekara shida kina zuwa nan duk Alhamis. In mutumin gidauniya ya tambaye ki, ki ce ba don Mista Nankervis ba da tuni yunwa ta gama da ke."

Ta dube shi ta saman tabarau. "A teku? Wace shekara?"

"Zaɓi wadda ta yi miki."

"To in mutumin ya gane fa?"

Hedley ya ƙyalƙyale da dariya. "Mutanen ofis? Ko kifi da kaza ba sa bambancewa. Irinsu na sha sayar wa tagogi tun ba a yi bango ba."

Ta ce, "Ikon Allah," ta bi layi.

Kujerunmu ba su kai ba. 'Yan badujala suka hau bencin yara, gwiwoyinsu a haɓa. Cikon tamanin ba ta sami wurin zama ba, sai ga ta a kicin. Ta rataye rigar ruwanta, ta miƙa hannu bayan ƙofa ta ciro atamfar ɗaurawa ta aiki ba tare da ta tambayi inda ake ajiyewa ba. Nan na san 'yar coci ce, ko daga ina ta fito.

Ta ce, "Me zan kama miki, 'yar'uwa?"

Na ce, "Kama wannan ƙofar," don a daidai lokacin sandar tsintsiya ta karye. Ta jingina ƙugunta da ƙofar tanderu ta tsaya. Ni kuma ina tsiyaya ruwa a miyar mutum ashirin, har naman ya koma sai an yi sa'a a gamu da shi.

Ta ce, "Kullum haka kuke fama?"

Ai kamar jira nake a tambaye ni. Na zazzage mata komai, murhu da mai duba gas da ƙarshen wata, da bokiti ukun da aka ɓoye a bayan fiyano. Na gaya mata Misis Tregear tun daren Laraba take goge rigarta. Na gaya mata Mista Rosewarne rabin abincinsa yake ci, ya ƙunshe rabi don Juma'a, mu kuma mu yi kamar ba mu gani ba.

"Mutum nawa ne na gaskiya?"

"Sha tara."

"Wancan mai lemar fa?"

"Ƙanena ne, Allah ya shirye shi. Shi ba ya cikin lissafi, ɗanɗano kawai yake yi."

Ta gyara tsayuwa don ƙofar ta fara ƙona ta.

Sha biyu da kwata ƙofar zaure ta buɗe da ƙarfi. Wani ƙaton mutum ya shigo, kwat shuɗi, laktaye, allon rubutu da takarda a hannu, fuska ja wur yana haki. Direban motar ne, ya zagaye garin nan kaf yana neman fasinjojinsa. Hedley ya ga kwat, ya ga laktaye, ya ɗaga hannu, badujala ta ɓarke.

Mutumin yana ta magana, bakinsa kawai ake gani yana motsi. Hedley ya kama hannunsa da hannu biyu yana girgizawa, ya ja shi har babban tebur, daidai ƙarƙashin cikin tamfol. Da ƙahonni suka tsagaita, mutumin ya ce, "Malam, minti arba'in ina neman mutanen nan! Bari in ƙirga su."

"Ƙirga, ranka ya daɗe! Ƙirga son ranka! Tamanin ne cif, ɗaya tana kicin."

"Tamanin? Hamsin da biyu ne a takardata."

Hedley ya juyo ya ƙifta min ido ta tagar miƙa abinci. "Kin ji ko? Ko hamsin da biyu ma sun isa. Mun zarce!"

Ya jawo dogon nan mai jin amai. "Ga ɗaya daga cikin tsofaffinmu. Faɗa wa maigida sunanka."

Dogo ya sosa kai. "Ni ne... wa ma ka ce ni ne?"

Direba ya ce, "Kai ne Mista Yeo, kujera ta sha huɗu, kuma ka bar maganinka a mota."

Hedley ya tafa hannu. "Kun gani? Har maganinsu ya sani! Wannan shi ne bincike!"

Rabaran Jelbert ya miƙe, fuskarsa kamar wanda ya haɗiyi ƙashin kifi, ya ɗaga waƙar godiya da muke yi kafin cin abinci. Muryoyi sha tara suka ɗauka, da 'yan badujala, da wata murya mai daɗi a bayana daga bakin tanderu. Hamsin da biyu kuwa baki kawai suke buɗewa suna rufewa. Hedley ya raɗa wa direba cewa mura ake yi a gari.

Miya ta wuce lafiya, don ba abin da za a tauna balle a yi gardama. Ni har na fara tunanin ko wawan nan zai tsira. Sai aka fito da sukon, da jam na 'ya'yan itace da aka dafa da sukari, da kirim ɗinmu na madara mai kauri.

Duk wanda aka haifa a wannan gefen kogin Tamar, wato yankinmu na Cornwall, ya san yadda ake yi. Ka raba sukon biyu, ka shafa jam, sannan ka ɗora kirim a sama. Haka uwayenmu suka yi, haka za a yi ranar jana'izarmu. Mutanen Devon da ke tsallaken kogi su ne ke fara shafa kirim su ɗora jam a kai, kuma shekaru aru-aru muna yi musu addu'a ba su daina ba. Hedley ya koya wa baƙinsa sunaye, ya koya musu shekarun zuwa, har ya koya musu sunan karen Rabaran. Bai tambaye su daga ina motarsu ta taso ba.

Wuƙaƙe hamsin da biyu suka nutse cikin kirim a lokaci ɗaya.

Mutanenmu suka daina tauna. Mai babban ƙaho ya tsaya da loma a hanya. Misis Tregear, wadda ke cewa ba ta ganin lambar waƙa a allo, ta zura wa farantin maƙwabciyarta ido, ta ɗaga sandarta ta buga a ƙasa.

"Ke! Me kike yi wa abincin nan?"

Matar ta ce, "Kirim nake shafawa, Iya."

"A ƙasa?"

"To da a ina? Kirim ai kamar man shanu ne. Wane mai hankali ne zai shafa man shanu a kan jam?"

Misis Tregear ta miƙe tsaye, abin da rabonta da yi ba taimako tun bikin Ista. "Jama'a! Mutanen Devon ne!"

Ai sai wuri ya kaure. Mista Rosewarne ya manta da gwiwa, ya zagayo tebur yana kife wa mutane sukon. Wani tsoho daga cikin baƙi ya ce su suka koya wa Cornwall yin kirim tun farko. Mai ganga ya ce ya maimaita in ya isa. Wata ta ce kunya muke ji da jam ɗinmu shi ya sa muke binne shi. Misis Tregear ta ce su ne ke ɓoye kirim ɗinsu don ruwa-ruwa ne.

Hedley yana tsakiya yana juyi. "Ranka ya daɗe, tsufa ne! Mantuwa ce! Misis Angove, gaya masa a nan aka haife ki!"

"A Barnstaple ta Devon aka haife ni, kuma sunana Pugsley, ka riƙe ƙarin kirim ɗinka!"

Ya ga abin yana neman ƙwacewa. Ya haye kujera, ya fizgi sandar Misis Tregear, ya ɗaga ta sama. "'Yan'uwa! Ku dubi abin da aka rubuta a nan! Yau ranar maraba ce!" Ya nuna kalmar ZUWA, ya ƙara nunawa da ƙarfi don kowa ya gani.

Ruwan dare guda da rabin yini ne a cikin tamfol ɗin. Direba ya yi sa'a, ya riga ya matsa yana ƙirga mutanensa. Igiyar gefe ɗaya ta tsinke, abin ya sauko wa Hedley gaba ɗaya, da ruwan da jan fentin da wata tsohuwar sheƙar tsuntsu. Da ya fito daga ƙarƙashi, hularsa tana yawo wajen fiyano.

Direba ya ciro usur ya busa. "Motar Barnstaple za ta tashi nan da minti biyar! Wanda bai hau ba, ya zauna ya ci jam a ƙasa har ƙarshen ransa!"

Hedley ya share ido. "Mota? Ba kai ne Mista Chenoweth ba?"

"Wane Chenoweth? Ni direba ne, kai kuma ɓarawon fasinja!"

Hamsin da biyu suka fice, kowa yana cusa sukon a aljihu. Aka bar mu da kujeru a kife da ruwa har idon sawu.

Sai matar nan ta fito daga kicin, da shatin ƙofar tanderu a siket ɗinta. Ta tsaya gaban Hedley, ta buɗe jakar cefane, ta ciro takardar da ya cike da hannunsa.

"Mista Nankervis, ni ce Misis Opie, wadda mijinta ya rasu a teku. A ofis kuma Rosina Chenoweth suke ce min. Mijina yana gida yana shuka kabeji, zan gaya masa ka yi masa ta'aziyya."

Hedley ya buɗe baki. Ba ta jira shi ba.

Ta ce, "Gidauniya ba ta ba da ko sisi a kan takardar ƙarya. Wannan ta mutu." Ta ninke ta biyu ta mayar jaka.

Ni dariyar da ke cina ta tsaya cak. Na kalli mutanenmu, sha tara, kowa riƙe da kofin shayinsa, ba mai motsi. Saura kwana tara wata ya ƙare. Misis Tregear ta zauna a hankali tana shafa rigarta da ta goge. Raina ya ɓaci har na rasa wanda zan fara shaƙewa.

Misis Chenoweth ta sake zura hannu a jaka, ta ciro sabuwar takarda fara, ta shimfiɗa a busasshen gefen tebur, ta miƙo min alƙalami.

"'Yar'uwa Loveday, rubuta abin da kika gaya min a kicin, kar ki ƙara ko gishiri. Murhu ɗaya, rufi mai yoyo uku. Kwamiti zai zauna Litinin, ni kuma zan je musu da wannan siket ɗin."

Na kama rubutu. Da na zo layin yawan waɗanda ake ciyarwa, na fara rubuta sha tara, sai Misis Tregear ta buga ƙafa a ruwa.

"Ba a ce kar a yi ƙarya ba? Rubuta ashirin."

Na ce, "Iya, sha tara ne."

"Ashirin ne. Wancan jiƙaƙƙen fa? Shekara uku yana cin faranti biyu a bayan ƙofa, yana tsammani ba ma jin ƙarar cokali. Tun da Tamsin ta tafi, wa ya ga hayaƙi a gidansa? Shi ma Alhamis yake jira, kamar kowa."

Hedley ya ce, "Ni ai ingancin abinci nake..."

"Rufe mana baki, yaro. Ba ni sandata, ka zo ka zauna."

Ya tsaya yana ɗiga, jan fenti yana bin kunnensa. Sai a lokacin na lura yadda farar rigar ta yi masa yawa a wuya, ni da nake ganinsa duk mako. Kunya ta kama ni. Mista Rosewarne ya tayar da wata kujera, ya goge ta da hannun riga, ya tura ta kusa da tasa. Ƙanena ya tako cikin ruwa ya zauna. Na soke sha tara na rubuta ashirin.

Murhu ya zo ana saura kwana biyu wata ya ƙare, kai shida, duka suna ci. Masu gyaran rufi suka biyo baya. Hedley kuwa yanzu duk wanda ya tsaya zai gaya masa cewa shi ya tsara komai tun farko, wai dabara ce ta Plymouth, ka sa mai kuɗi ya riƙe ƙofar tanderu da kansa. Ban hana shi faɗa ba. Amma a zaune yake faɗa, tsakanin Mista Rosewarne da Misis Tregear, kuma in ya cika baki ya wuce minti biyu sai ta tura masa faranti ta ce, "Ci abincinka, na ashirin, kafin ya huce."